Ɗalibaina 'yan aji ɗaya suna ta zubewa, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin lakcara ne a wata jami'ar jiha, bara aka ɗora min kodinetan 'yan aji ɗaya a sashenmu. Sakamakon shekara ya fito kuma gaskiya hankalina ya tashi, kariyoba (kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita) ba a magana, wasu an sa su a furobeshan (gargaɗi kafin sallama), wasu kuma ko jarabawar semista ta biyu ba su zauna ba, ɓacewa kawai suka yi. Manyanmu a sashe sun ce in daina damun kaina, yaran yanzu ne ba sa karatu sai danna waya. Shin haka ne? In ba haka ba ne, mutum irina da ba shi da babban ofis ba shi da kasafin ko sisi me zai iya yi?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara maka wannan tausayin, don mutane da yawa in aka ba su kodineta abin da suka ɗauka shi ne sa hannu a fom ɗin rajista da tattara sakamako a miƙa wa shugaban sashe, shi ke nan an gama. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, laifin waye, sannan kai me ke hannunka. Na zauna a wannan kujerar taka a ɓangaren kimiyya, na kuma riƙe ofishin jarabawa na sashe, to daga nan zan yi maka magana.

Maganar manyanku akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ce babu ba. Akwai yaron da wallahi ko me za ka yi masa ba karatun ne a gabansa ba, babansa ne ke son digirin ba shi ba. Amma in ka zauna ka bi sunayen waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya za ka ga irin waɗannan ba su ne suka fi yawa ba. Kuma "yaran yanzu ba sa karatu" magana ce mai daɗin faɗa saboda tana sauke wa kowa nauyi, da an faɗe ta sai a yi addu'a a tashi taro. Abin da ni na gani shi ne, yawancin waɗanda muke sallama a ƙarshen aji biyu tun makonni shida na farkon aji ɗaya muka rasa su, sai dai ba wanda ya duba a lokacin. Manomi ba ranar girbi yake gane gonarsa ta lalace ba, tun a noman fari yake gani, mu kuwa sai ranar girbi muke leƙa gonar, wato ranar da sakamako ya isa gaban majalisar jami'a, lokacin da babu sauran abin yi sai buga sunaye a allo.

Lissafin da yaran ba su sani ba

Fara da wannan don shi ne mafi arha. Yaron da ya fito daga sakandare ya saba da cewa kowace shekara sabon shafi ce, in ya yi wasa a aji huɗu zai gyara a aji shida. CGPA kuwa, wato matsakaicin makin duk semistocin da ɗalibi ya yi a haɗe, ba ta mantuwa. A yawancin jami'o'inmu maki 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1 a inda ba a cire ta ba, ƙasa da 40 kuwa F, sifili. Ɗauki yaron da ya yi rajistar yunit 40 (yunit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas) a aji ɗaya ya fita da CGPA 1.20, 40 sau 1.20, maki 48 ke nan ya tara. Mu ƙaddara duka digirin yunit 150 ne. In yana mafarkin fita da 3.50 sai ya tara 525, saura 477 a cikin yunit 110 da suka rage masa, wato sai ya riƙa cin sama da 4.3 har ya gama, yaron da bara da ƙyar ya haura 1. Wannan ma ban sa masa yunit ɗin kariyoba ba, waɗanda a yawancin wurare sake lissafa su ake yi, sifilin farko na nan zaune bai goge ba.

Sannan kariyoba ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai iyakar yunit 24 a semista, to in ya ɗebo kwas uku daga baya dole ya ajiye wasu na ajinsa, waɗanda ya ajiye su bi shi aji uku, ga kwas ɗin da ba a yarda ka ɗauka ba sai ka ci na ƙasa da shi, ga jadawalin lakca da ke cin karo, kwas ɗin lissafi na aji ɗaya MTH 101 ƙarfe takwas a can babban ɗakin lakca kwas ɗin aji biyu shi ma ƙarfe takwas a sashe, dole ya zaɓi wanda zai yi fashi, kuma ga dokar halartar kashi 75 cikin 100. Haka ake tafiya har a kai sifil oba, wato 'yan ajinsa su gama su bar shi, har shekara shida da aka yarda wa mai digirin shekara huɗu ta ƙare. Ni a makon farko nake tara su in rubuta wannan lissafin a allo da hannuna, ba a taron maraba da sababbin ɗalibai ba inda ake jawabai ana raba lemo ba wanda ke saurare. Za ka ga aji ya yi tsit.

Me ke kayar da su tun farko

Na ɗaya wanda ba a cika kula da shi ba, shigowa a makare. Sunayen admishan kashi-kashi suke fita, wanda ya fito a jeri na biyu ko na uku kafin ya gama tantancewa, ya ciro takardar biyan kuɗi ta Remita, gida su haɗa kuɗin, fotal ta yarda ta buɗe, ya samu inda zai kwana, an yi wata guda ko fiye ana lakcar lissafi da kemistiri da fiziks. Ba malamin da zai koma masa baya. Waɗannan kwasa-kwasan kuma gini ne, in ka rasa tushe duk abin da aka ɗora a sama ba zai zauna ba. Ka duba ranar da kowane ɗalibinka ya kammala rajista ka jera ta kusa da sakamakonsa, ina kyautata zaton za ka ga abin da nake faɗa.

Na biyu kwas ɗin da bai nema ba. Ya cike likitanci ko famasi ko lauya a JAMB, aka ba shi ilimin tsirrai ko fiziks, gida aka ce karɓi kawai kar ka zauna. Yana aji amma zuciyarsa na wajen sake rubuta JAMB, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ƙarshe can bai samu ba nan kuma ya zube.

Na uku shi ne wanda na fi so ka tsaya a kai, harshe da salon karatu. Akwai wani yaro da ya zo ofishina bayan ya ci maki 4 cikin 20 a tes, ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, ya ajiye min littafinsa a tebur, rubutu tsaf har da jan biro a kan kowane babi, ba lakcar da ya rasa. Na ce karanta min ma'anar abu kaza, ya zubo ta kamar yadda take a handawut ko waƙafi bai bari ba. Na juya tambayar kaɗan, na ce to in aka ninka wannan me zai faru da wancan, sai ya yi shiru yana murza hularsa. Da na sake tambayarsa da Hausa, na ce manta da littafin yi min bayani kamar ƙaninka kake koya wa, sai ga shi ya kamo hanya, a hankali amma daidai. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Hadda aka koya masa shekara goma sha biyu kuma hadda ta kawo shi har jami'a, ba wanda ya taɓa ce masa nan wasan ya canza. Ƙara da cewa Turancin malami a ɗakin da ke da ɗaruruwan mutane, lasifika na shaƙewa ko babu wuta gaba ɗaya, shi yana can baya a tsaye jikin taga, rabin maganar ba ta isa kunnensa. Kuma tarbiyyarmu ta koya masa ba a katse babba, ba a ce wa malami ban gane ba, ga tsoron 'yan birni su yi masa dariya in ya yi kuskuren Turanci. To shiru zai yi har jarabawa. Akwai kuma waɗanda takardar WAEC ko NECO ɗinsu a santocin da ake ba da amsa aka samo ta, A a lissafi amma ba ya iya warware abin aji uku na ƙaramar sakandare, wannan ma gaskiya ce da ba ma son faɗa.

Na huɗu kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista a shekarar ta 2023, lissafin ɗalibi ya rikice. Wanda ke zaune cikin gari yana hawa adaidaita biyu kafin ya iso yakan zaɓi ranakun da zai zo. Abin da ɗalibai ke kira 0-1-0, ba karin kumallo ba na dare sai na rana kaɗai, da wasa suke faɗa amma ba wasa ba ne. Mai jin yunwa ba ya gane kalkulas.

Mata kuma nasu daban ne, aure a tsakiyar zango, laulayi, goyo, miji da aka canza wa wurin aiki, lakcar ƙarfe takwas ga wadda sai ta sallami yara makaranta. Sau da yawa ba faɗuwa suke yi ba, dainawa suke yi ba tare da sun rubuta ko layi ɗaya ba, sai tsarin ya zuba musu F a kowane kwas. Yajin aikin ASUU ma ya ci nasa rabon, na 2020 kusan wata tara, na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wasu sun kama kasuwa, wasu an yi musu aure, da aka dawo kuma aka matse zangon karatu don a cike giɓi, mai rauni shi ya fara faɗuwa.

Sai namu laifin mu malamai, wanda a taron sashe ba a cika ambata ba. Tes ɗin da ake yi saura mako guda jarabawa kuma ba a dawo da takardun, to amfanin me ya yi wa yaron? Sakamakon da ke ɓata ɗalibi ya yi shekara yana zarya tsakanin ofisoshi. Da malamin da ke shiga aji ranar farko yana alfahari wai A ta Allah ce, B tasa ce, sauran ku raba. In kwas ɗaya na kayar da rabin aji shekara bayan shekara, yara sun canza sakamako bai canza ba, ai ka san inda ya kamata a duba.

Abin da ke hannunka

Ka buɗe littafi, ko takardar Excel in ka fi so, sunan kowane ɗalibi, lambar wayarsa, lambar wani nasa a gida, inda yake kwana, kwas ɗin da ya nema tun asali, ranar da ya gama rajista. Kilas ref, wato wakilin aji, zai taya ka. Wannan kaɗai zai nuna maka waɗanda za ka sa wa ido tun kafin a yi tes ko ɗaya.

Sannan ka nemi a yi gwaji da wuri, mako na huɗu ko na biyar, a kwasa-kwasan da ka san su ne ke kayar da su, kuma a dawo da makin cikin mako guda. Na san matsalar, yawancin waɗannan kwasa-kwasan daga wani sashe ake zuwa koyar da su kuma malamin ya girme ka, ba za ka ba shi umarni ba. Je ka gaishe shi a ofis, ka ce alfarma kake nema, makin 'yan sashenka kawai kake so da zarar ya duba. Da yawa za su ba ka. Wanda ya ƙi, shirya naka ɗan gwajin na minti ashirin a tutoriyal, ba sai ya shiga sakamako ba, kai dai so kake ka san waye ke nutsewa.

Waɗanda suka faɗi ƙasa ka kira su ɗaya-ɗaya, kar ka manna sunayensu a allo, kunya za ta sa su ƙara ɓuya. Minti goma ya isa. Kuma kar ka fara da me ya sa ba ka karatu, fara da ina kake kwana, nawa kake kashewa a mota, yau ka ci abinci, da wa kake karatu. Amsar tambaya ta ƙarshen nan ita ta fi gaya min komai, wanda ya ce shi kaɗai yake karatu na san akwai aiki. In ɗaliba ce ƙofar ofis a buɗe, ko ta zo da ƙawarta, wannan kariya ce gare ta da kai duka.

Maganar karatu shi kaɗai ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani malamin lissafi, Uri Treisman, a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, ya bibiyi ɗalibansa a shekarun 1970 don ya gane me ya sa ɗalibai baƙaƙen fata masu ƙoƙari ke faɗuwa kalkulas alhali 'yan asalin Sin na ci. Abin da ya tarar shi ne na farkon kowa shi kaɗai yake fama a ɗaki, na biyun kuwa bayan kowa ya yi nasa sai su haɗu su yi ta gardama a kan tambayoyi suna gyara wa juna. Da ya shirya zaman rukuni inda ake warware tambayoyi masu wuya tare, sakamakon ya canza. Abin lura, bai kira shi ajin masu rauni ba. Kai ma kar ka kira naka haka, ba wanda zai zo. Mu nan muna da wannan a hannu tuntuni, tutoriyal ɗin da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi ke yi, sai dai yawanci sai jarabawa ta matso ake cika, kuma yakan koma wata lakcar, mutum ɗaya na rubutu a allo saura na kwafa. Abin da nake yi shi ne in zaɓo 'yan aji uku da suka ci kwas ɗin da kyau, kowanne in ba shi mutum takwas zuwa goma, in haɗa masu ƙarfi da masu rauni, sharaɗi ɗaya, alli a hannun 'yan aji ɗaya yake ba a hannunsa ba. In bayani ya cije a yi shi da Hausa ko duk harshen da aka fi ji, sannan a sake faɗarsa a rubuta shi da Turanci tunda da shi za a amsa jarabawa. Ladan masu koyarwar takardar yabo ce daga shugaban sashe, kuma za ka yi mamakin yadda suke ɗaukarta da muhimmanci.

Ranar rajistar kwas kar ka sa hannu a fom ɗin da ba ka karanta ba. Mai kariyoba huɗu zai zo maka da yunit 24 cif yana so ya share komai a zango ɗaya, ka zaunar da shi ka rage masa, na baya su fara shiga, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Zai ji haushinka a ranar. Gara ya ƙara semista ɗaya da a sallame shi.

Kuma ka san ƙofofin da dokar jami'arku ta bari a buɗe, ka karanta kundin ɗalibai da kanka don sharuɗɗan sun bambanta, wani wurin ƙasa da 1.00 ne furobeshan wani wurin 1.50. Takardar jingine karatu tana ceton mai ciki, da mara lafiya, da wanda kuɗin rajista ya gagara, amma sai an rubuta ta kafin jarabawa, yawancinsu kuma ba su san tana nan ba. Canjin kwas ma haka, yaron da lissafi ya ƙi shi tun aji ɗaya wataƙila a wani sashen zai yi fice, a tura shi tun CGPA ɗinsa na da sauran numfashi don sashen da zai karɓe shi ma yana da nasa sharaɗin.

Maganar kuɗi

Ba za ka iya ciyar da aji ba, kuma kar ka fara ba da bashi daga albashinka don ba za ka iya ci gaba ba. Amma akwai NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya da ya buɗe fotal a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wasu iyayen da jin kalmar bashi suke ja da baya don tsoron riba, wasu yaran kuma NIN ko BVN ko lambar JAMB ce ta maƙale musu suka haƙura. Zama ɗaya da kwamfuta a ofishinka zai warware wa mutum da yawa. Haka tallafin karatu na jihohi, ka riƙa sanar da su lokacin da aka buɗe.

Jami'ar jihar Jojiya da ke Atlanta ta yi suna a wannan fagen da abu biyu, manhajar da ke sanar da mai ba ɗalibi shawara da zarar makinsa ya fara karkacewa, da kuma ɗan ƙaramin tallafi ga wanda saura kaɗan ya cike kuɗin makaranta za a cire sunansa. Manhajar ba mu da ita, littafinka shi ne madadinta. Na biyun kuwa sashe na iya yi, ɗan asusu daga malamai da tsofaffin ɗalibai, mutum uku su riƙe shi a rubuce, ba a ba kowa kuɗi a hannu sai dai a cike masa Remita. Sau da yawa abin da ke tsakanin yaro da barin makaranta bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Inda ƙarfinka ya ƙare

Wani zai ba ka shawarar a ɗan ɗaga musu maki, 37 ta zama 40, kowa ya huta. Wannan ba riƙe ɗalibi ba ne, tura matsalar aji biyu ne, kuma ranar da ta fashe sunanka ne a takardar. Yawan ɗalibai a aji, ƙarancin hostal, wutar lantarki, albashin da ke sa malami koyarwa a jami'a uku, duk sun fi ƙarfin kodineta. Wanda ka ga alamar shaye-shaye ko damuwa mai tsanani a tare da shi, ya daina wanka ya daina magana, wannan ba aikin nasiha a ofis ba ne, ka haɗa shi da asibitin makaranta da sashen ba da shawara, ka kira gida. Abin da na faɗa kuma daga jami'a ne kuma ɓangaren kimiyya, a foliteknik da kwalejin ilimi ma'aunin maki ko dokokin sallama na iya bambanta, sai a daidaita. Kuma duk abin da ka yi wasu za su tafi, wani ma tafiyar ce alheri gare shi, ya koma difloma ko NCE ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN inda zai haɗa da sana'arsa. Irin wannan ka taimaka masa ya fita da takardar sakamakonsa a hannu kafin a rubuta masa kora.

Su kuma manyanku kar ka yi gardama da su a taro, ba za ka ci ba. Je ofishin jarabawa ka nemi sakamakon 'yan aji ɗaya na shekara uku da suka wuce, ka fitar da kwas-kwas nawa suka zauna nawa suka faɗi, ka ware waɗanda suka yi rajista a makare, duka a shafi ɗaya. Kai wa shugaban sashe shi kaɗai a ofishinsa, ka roƙi abu biyu kacal na wannan zangon, tes a mako na biyar, da ɗaki ɗaya da yamma don tutoriyal. 'Yan furobeshan ɗinka kuma kar ka jira su zo, a cikin makon nan ka kira su kafin a rufe fotal ɗin rajista.